Ƙaramar rauta mai araha: za ta ɗauki gida da shagon buga takardu?

Tambaya daga Unguwar Dosa, Kaduna: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu a jikin gidana, kwamfuta uku da firinta ɗaya, cikin gida kuma wayoyi sun kai takwas. Na gaji da raba data daga wayata. Na ga wata ƙaramar rauta mai eriya biyu, an rubuta 300Mbps a kwalinta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. In saya? Za ta kai har cikin gida?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ciro kuɗi, juya rautar nan ka dubi bayanta. Idan ramukan kebul kaɗai ka gani, uku zuwa biyar, ɗaya an rubuta masa WAN da launi daban, sauran LAN, kuma babu gurbin sa sim a ko'ina, to wannan ba ta kawo intanet. Rabawa kawai take yi. Matsayinta matsayin bututu da kawunan famfo ne a gida: ko ka zuba masu kyau, sai an jawo ruwan daga wani wuri. TP-Link TL-WR840N da Tenda N301 da Mercusys MW301R duk 'yan wannan gida ne, kuma shi ya sa suka fi kowa araha. Mutane da yawa sai sun kai gida sun jona, sun ga sunan waifai ya fito a waya amma ko WhatsApp ba ya buɗewa, sannan su gane.

Saboda haka tambayar farko ita ce daga ina intanet ɗinka zai shigo. In akwai kamfanin da ya ja faiba a layinku, ko kana da kwanon Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, to waccan mai arahar tana da amfani a matsayin mai ƙara faɗin waifai. In kuwa da layin waya za ka dogara, kamar galibin gidaje da shagunan Kaduna, rauta mai cin sim kake buƙata. Ita ma iri biyu ce. Akwai 'yar aljihu mai batir da ake kira MiFi, akwai ta ajiye kan tebur mai jonawa a wuta, irin su TP-Link TL-MR6400 ko Huawei B311 ko waɗanda kamfanonin layi ke sayarwa da tambarinsu. Ban ba ka shawarar MiFi ba. An yi ta ne don matafiyi mai na'ura biyu ko uku. Eriyarta ƙarama ce, yawanci ba ta da ramin kebul, kuma in aka bar ta a caji dare da rana a zafin watan Afrilu, batirin kumbura yake yi har ya ɗaga murfi.

Layin da za ka sa ya fi sunan rautar muhimmanci, kuma wannan ba a tambayar mai shago a kasuwa. Sabis ɗin da yake gudu a titin Ahmadu Bello ba lallai ya yi gudu a lungunku ba, kai, ko tsakanin gaban gida da bayan gida akan sami bambanci. Ari wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo, ka tsaya daidai inda za ka ajiye rautar, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka auna. Yi da safe, yi da azahar, sannan ka maimaita wajen ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya dawo gida yana kallon bidiyo. Awon dare shi ne na gaskiya. Layin da ya ba ka 40Mbps da hantsi ya dawo 2Mbps bayan isha'i bai kai wanda ya tsaya a 12Mbps ko da yaushe ba. Ka lura kowane awo yana cin data, wani sa'in ya haura MB 50, kada ka yi ta dannawa ba lissafi.

In ka tsayar da layi, sai ka duba ko rautar tana jin mitar da layin ke aiki a kanta. A kwali ko takardar ciki za ka ga jerin lambobi kamar B1, B3, B7, B20, B28. B3, wato 1800MHz, ita ce ta gama-gari a Najeriya. MTN na kuma amfani da B7, wato 2600MHz, da B20, wato 800MHz, Glo kuwa an san 4G ɗinta da B28, wato 700MHz. Nan ne ake faɗawa rami: samfuri ɗaya mai suna ɗaya yakan fito kala-kala gwargwadon ƙasar da aka yi wa shi, wani da B28 wani babu. Sai ka sa layin Glo ka ga rautar ta maƙale a 3G, ka ɗauka lalatacciya ce. Ƙananan mitoci irin 700 da 800 sun fi ratsa bango da cin nisa, manyan kamar 2600 sun fi ɗaukar jama'a amma sai kana kusa da turken sabis. Rautar da kamfanin layi ya sayar maka ta dace da mitarsa, ta kuma fi sauƙin kuɗi, sai dai a kulle take da layinsa kaɗai. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma ranar da layi ɗaya ya zauna sai ka zare sim ka sa wani. Ga mai shagon da abokin ciniki ke tsaye yana jiran a buga masa takardar shiga jarrabawa, wannan 'yancin ya cancanci ƙarin kuɗin.

Batun 300Mbps kuwa, kada ya ruɗe ka. Lambar gudun da ke tsakanin rauta da na'urarka ce a yanayi mafi kyau, ba gudun intanet ba. Kafin a kai ta sai an buɗe faɗin tasha 40MHz, na'urar kuma tana da eriya biyu a ciki. Ƙananan wayoyi masu eriya ɗaya a faɗin 20MHz a 72Mbps suke haɗuwa, abin da zai iso hannu kuwa wajen rabin haka ne. Ramukan kebul na masu arahar ma 100Mbps ne iyakarsu. Amma duk wannan ba abin damuwa ba ne gare ka, domin 4G da kyar zai cika wannan ma'aunin a unguwa mai cunkoso. Sai mai faiba da ya haura 100Mbps ne ya kamata ya nemi mai ramukan gigabit irin Archer C6. Kuma a bambance Mbps da MB: raba takwas ake yi. Layi mai 10Mbps yana sauke MB 1.25 a daƙiƙa, wato zai iya lashe GB 4.5 cikin awa ɗaya in aka sake masa.

Yanzu tambayarka ta biyu, ko za ta kai cikin gida. Ya danganta da bango nawa ne tsakani da kuma irinsu. Mitar 2.4GHz, wadda masu araha ke amfani da ita, takan ratsa bangon bulo ɗaya ko biyu ta fito da sauran ƙarfi. A na uku ta fara tangal-tangal. Dekin mai rodi, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, madubi babba, da shagon kwantena, waɗannan kashe sigina suke yi kusan gaba ɗaya. Mitar 5GHz ta fi gudu da ƙarancin cunkoso, amma ta fi saurin mutuwa a bango, don haka ba ita ce maganin nisa ba. Ka ɗora rautar sama, kamar mita biyu daga ƙasa, a fili, eriyoyin a tsaye. Kada a sa ta cikin durowa, ko bayan talabijin, ko kan firij, ko a manne da rufin kwano inda zafi zai dafa ta.

Sai dai mai rautar sim yana da matsala biyu da ke jan ta gabas da yamma. Don ta kama sabis sosai tana son taga, ɓangaren da turke yake. Don ta raba waifai sosai tana son tsakiyar gida. Da wuya wuri ɗaya ya biya buƙatun nan biyu. Kada ka dogara da sandunan sigina da ke jikinta. Shiga shafinta ka nemo lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP yana nuna ƙarfin siginar, kuma da alamar ragi yake zuwa: -80 ko sama da haka madalla, -90 zuwa -100 ana maneji, ƙasa da -110 wahala ce. SINR kuwa yana nuna tsabtar siginar: sama da 13 yana da kyau, in ya kusa sifili ko ya gangara ƙasa, hayaniya ta yi yawa. Ɗauki rautar ka zaga da ita taga-taga, ka ba ta minti guda a kowane wuri, ka rubuta abin da ka gani. Matsawar taku biyu kan iya sauya lambar da yawa. In lambobin biyu suna da kyau amma gudu ya faɗi da dare, turken ne ya cika da jama'a, kuma babu rautar da za ka saya ta gyara wannan. Sai sauya layi.

A tsarin gidanka, ga abin da na fi gamsuwa da shi, kuma a nan waccan mai arahar da ka gani za ta yi rana. Rautar sim ta zauna a shago ko duk inda sabis ya fi ƙarfi. Kwamfutoci ukun da firinta a ja musu kebul, kada su yi gogayya da wayoyi a iska. MR6400 tana da ramuka huɗu, B311 ɗaya tak, kai kuwa biyar kake buƙata har da kebul ɗin da zai shiga gida, don haka sai ka haɗa da ƙaramin suwic, wato akwatin ƙara ramukan kebul: mai ramuka biyar ya ishi MR6400, B311 kuwa sai mai takwas. Daga nan a ja kebul ɗaya na Cat5e ko Cat6 zuwa tsakiyar gida, a jona shi a mai arahar ta zama tasha ta biyu. Kebul na iya tafiya mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, karyewa yake yi a bakin filogi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Inda zai bi waje a zura shi cikin bututun roba saboda rana da ɓera, kuma kada a ɗaure shi jikin wayar wuta.

Saita ta biyun ba wuya. Sababbin WR840N suna da zaɓin Access Point a wurin Operation Mode, dannawa ɗaya ne. In babu, sai a yi da hannu: ka jona ta da kwamfuta ita kaɗai, ka shiga shafinta, ka ba ta adireshi a cikin zangon babbar amma wanda ba kowa a kai, misali in babbar 192.168.8.1 ce ita ka ba ta 192.168.8.2. Ka kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, sannan kebul ɗin da ya taho daga babbar ya shiga ramin LAN, ba WAN ba. In ka manta DHCP a kunne, rautoci biyu za su riƙa raba adireshi a gida ɗaya, wata waya ta samu intanet wata ta rasa, kullum da wanda abin zai faɗa wa. In kuma ka sa a WAN, intanet zai yi aiki, amma wanda ke cikin gida ba lallai ya ga firintar shago ba, domin an raba su zango biyu. Akwai masu cewa a bar kebul a yi amfani da ita a matsayin mai maimaita sigina ta iska. Yana yi, amma gudu rabewa yake biyu tunda rediyo ɗaya ke saurare yana kuma maimaitawa. Araha ba ta ado.

Shiga shafin rauta: adireshin da sunan shiga suna kan takardar da aka manna a ƙarƙashinta. Huawei yawanci 192.168.8.1, TP-Link 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Kalmar sirri biyu ce, kuma mutane kan canza ɗaya su bar ɗaya: ta waifai, da ta shiga shafin saiti. Wanda ya bar ta biyun a "admin" ya ba duk yaron da ya hau waifai ɗinsa damar sauya komai. A tsaro zaɓi WPA2-PSK da AES, ko WPA3 in akwai. WEP da TKIP sun tsufa, TKIP ma yana danne gudu zuwa 54Mbps. Kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ba tare da kalmar sirri ba, tun 2011 aka bankaɗo raunin lambarsa mai alƙaluma takwas. Kalmar sirri ta kai haruffa 12, kada ta zama lambar wayarka ko sunan shago. Tasha kuma ka tsayar da ita a 1 ko 6 ko 11, faɗi 20MHz, domin su uku ne ba sa hawa kan juna. Babbar a 1, ta cikin gida a 6 ko 11. In sim ya shiga, sabis ya nuna, amma ba intanet, duba APN, wato saitin da layi ke bi ya shiga intanet: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. Ka kuma tabbata an haɗa layin da lambar NIN.

Abokan ciniki za su roƙi waifai, wannan ba makawa. Buɗe musu Guest Network da kalmar sirri daban, ka rage masa gudu, ka riƙa canza ta duk mako. Ka sani tun daga Android 10 duk wanda ya hau waifai ɗinka zai iya nuna wa abokinsa hoton QR ya hau ba tare da ka faɗa masa komai ba. Haka kalmar sirri ke zagaye majalisar ƙofar gida cikin kwana biyu. Toshe mutum ta lambar MAC, wato lambar shaidar na'urarsa a kan waifai, ma ya rage tasiri, domin wayoyin yanzu suna iya sauya lambar. Riƙa leƙa jerin na'urorin da ke kai. Ƙaramar rauta takan ɗauki goma zuwa sha biyar masu aiki lafiya lau, fiye da haka ƙwaƙwalwarta ta fara cika, ta riƙa daskarewa sai an kashe an kunna.

Abin da zai fi ba ka mamaki a watan farko shi ne yadda data za ta riƙa ƙarewa. Ba sata aka yi maka ba. Waya da kwamfuta da zarar sun ga waifai sai su ɗauka kyauta ne: Windows ta fara sauke sabuntawa, Play Store ya sabunta manhajoji, Google Photos ya kwashi hotuna da bidiyon biki ya tura sama. A kowace kwamfuta shiga saitin waifai ko na kebul ka kunna Metered connection. A Android ma akwai irinsa a saitin waifai ɗin, a iPhone kuma Low Data Mode. YouTube a tsayar da shi 480p ga yara. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ɗan saitin kuɗi ne a aljihu. Tsarin da aka ce ba shi da iyaka kuma ka karanta sharuɗɗansa, galibi akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu.

Wuta ita ce ke kashe rauta a Kaduna fiye da komai, kuma yawanci ba rautar ce ke fara mutuwa ba, adaftarta ce. Alamarta: fitilu su kama, da an fara aiki sosai sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Kafin ka yar da ita gwada wata adaftar. Ƙa'ida uku ce: bolt ya zama daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin rautar, 5V ko 9V ko 12V, amfiya ta kai ko ta fi, kan filogin ya dace, tsakiyarsa kuma ya zama mai alamar tarawa kamar yadda zanen jikin adaftar ya nuna. Sa wa mai 9V adaftar 12V ta dikoda don kawai bakin ya shiga, ƙona ta ne. Lokacin tayar da janareta ko juya layi daga Nepa, a cire ta tukuna, sai wuta ta daidaita a mayar.

Mafi alheri ma kada ta dogara da soket kai tsaye. Rautar sim ba ta cika wuce wat 6 zuwa 8 ba, ko da an rubuta 12V 1A a jikinta. Akwai ƙaramin UPS na rauta mai fitar da 5V da 9V da 12V, yana caji yana ba ta wuta a lokaci guda, in an ɗauke ko ƙiftawa ba ta yi. Lissafin awanninsa mai sauƙi ne. Mai 10,400mAh a kan 3.7V ya kama wat-awa 38. Cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, saura wajen 29, raba da 6, ka samu awa biyar ba kaɗan. Fawa bank mai 20,000mAh da kebul mai ɗaga 5V zuwa 12V zai kai wajen awa tara, in ƙarfin da aka rubuta gaskiya ne, sai dai wasu sukan yanke na ɗan lokaci duk sanda aka kawo wuta ko aka ɗauke, rautar ta sake tashi daga farko. Mai sola kada ya jona ta kai tsaye a batir don ya ga an ce 12V. Batir yana caji yakan haura 14V. A sa na'urar daidaita bolt da fis mai amfiya 2 a tsakani. Ka tuna tasha ta biyu da suwic su ma suna son tasu wutar.

Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, tsawa kan shigo ta kebul ba ta soket kaɗai ba, musamman in an ja shi ta sama daga gini zuwa gini. Hadari ya haɗo, zare kebul ɗin da ke tsakanin shago da gida. Da hunturu kuma ƙura ke toshe 'yan ramukan shan iska, a goge su da busasshen buroshi duk wata.

In kana da niyyar sa kyamarar tsaro nan gaba, ka sani layin sim ba ya ba ka adireshin intanet naka na kanka, da jama'a kuke tarayya a guda. Don haka buɗe ƙofa a rauta don kallo daga nesa ba zai yi ba, sai kyamarar da ke bi ta manhajar kamfaninta. Yawancin ƙananan kyamarori kuma 2.4GHz kaɗai suke ji.

Ranar saye, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne ko wajen Kasuwar Sheikh Gumi, tafi da sim ɗinka mai data da ɗan guntun kebul. A buɗe kwalin a gabanka, a jona, a sa sim ɗin, ka ga 4G ya fito ba 3G ba. Gwada kowane rami da kebul ka ga fitilarsa ta kama. Duba lambar siriyal ta kwali ta yi daidai da ta jikin rautar, adaftar kuma mai tambarin kamfanin ce ba canji ba. In ta hannu ce, a danna ɗan ramin Reset da tsinke na daƙiƙa goma har fitilu su yi ƙyaftawa, ka tabbata kalmar sirrin da ke kan takardar ƙarƙashi ta buɗe shafin saiti, sannan a gwada ta da layi biyu daban don ka san ba a kulle take ba. Rasit kuma a rubuta lambar siriyal da kwanakin garanti a kai, ba "rauta ɗaya" kawai ba.